Lauje a Ƙarƙashin Ruwa

 Sharhinmu na yau zai yada zango ne a arewacin Jihar Yobe, tsakanin Nguru da Gashuwa, kuma a kan ciyawa za mu yi magana. Na san mutumin birni zai ce, duk matsalolin da suka yi wa ƙasa katutu, a rasa abin tattaunawa sai ciyawa? To, ya je bakin tafkin Nguru ya tambayi masunci, ko ya tsayar da manomin shinkafa a ƙasar Bade, ya ce masa wace aba ce ta fi ci maka tuwo a ƙwarya cikin shekaru talatin ɗin nan? Kafin ya ambaci tsadar taki, sai ya ce kacala.

Kacala, wadda a wasu wurare ake kira shalla, doguwar ciyawar ruwa ce da kan shanye tsayin mutum har ta yi rara, tana fitar da kai mai kama da zangarniyar gero. Ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. Tun kaka da kakanni tana nan a gefen tafkuna, ana yankarta a yi rufi ko shinge, ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai. Ruwa ba ya tsami banza. Idan aka ga abin da ya zauna a gefe shekara da shekaru ya wayi gari ya mamaye gonaki da hanyoyin ruwa, sai a nemi abin da ya sauya. Kuma abin da ya sauya shi ne tafiyar kogin kansa.

Ga yadda ƙasar take. Kogin Haɗeja yana gangarowa daga ƙasar Kano, na Jama'are kuma daga tuddan Filato ta cikin Bauchi. Da sun iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar nan mai tsofaffin tuddan yashi, sai su rage gudu, su rarrabu, su fantsama cikin fadamu, sannan abin da ya saura ya sake haɗuwa gab da Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya bi ta Gaidam ya nufi Tafkin Chadi. A da, damina na yi ruwa zai zo da ƙarfi ya shafe fadama, rani na shiga ya ja da baya, hanyoyi da yawa su bushe ƙarau. Fili ɗaya mutum uku ke cin abinci a cikinsa, kowa da lokacinsa. Masunci ya kama tarwaɗa da karfasa lokacin cikowa, manomi ya girbe shinkafa ya bi sawun ruwa da wake, Bafillatani ya shigo da shanu su ci kara da ɗanyar ciyawa, su bar masa taki. Bushewar nan ta kowace shekara ita ce ke taka wa kacala birki, don ba ta jure ƙasa busasshiya na tsawon watanni.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, dukansu a kan rassan da ke ba kogin Haɗeja ruwa. Kada mu yi rashin adalci, madatsun nan sun yi rana. Da su Kano ke shan ruwa, da su ake noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, da kuma kwarin Haɗeja wajen Auyo. Amma mutumin da ke can ƙasa abu biyu ya gani. Babbar cikowar damina ta ragu, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya zo ya ƙara. Filin da ruwa ke shafewa, wanda a ƙarshen shekarun 1960 ya haura murabba'in kilomita 2,000, sai ga shi a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. Abu na biyu ya fi na farko ɓarna, ko da yake a ido kamar alheri ne: ruwa ya daina yankewa da rani. Ana sakinsa kaɗan-kaɗan daga madatsa duk shekara, yana tafiya a hankali, yana ajiye laka da yashi a hanya. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa, ga laka mai taushi. Kacala ba ta neman abin da ya wuce haka.

A cikin fadamar, kogin Haɗeja gida uku yake rabuwa. Akwai hanyar Marma da ke zuba a tafkin Nguru, akwai Burum Gana, akwai kuma tsohon kogin Haɗeja da ke zuwa ya haɗu da na Jama'are. Da kacala da yashi suka toshe biyun nan na baya, sai ruwan ya tattara ya bi Marma. Masu sauraro, ku dubi wannan ikon Allah: mutanen gefen Nguru gonakinsu na kwana cikin ruwa rani da damina har suka daina nomuwa, 'yan uwansu da ke kan ɗaya hanyar, tafiyar da ba ta kai ta yini ba, suna kallon busasshen kwari. Kogi ɗaya, wani na kukan ambaliya, wani na kukan ƙishirwa. Binciken masana ruwa a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa bai taka kara ya karya ba, kusan duk abin da ke wucewa ƙarƙashin gadar garin na Jama'are ne. Shi ya sa duk ranar da aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, za ka ga hankalin Badawa da mutanen Gaidam ya tashi. Sun ga abin da ya faru da ɗaya kogin.

Ɓarnar ba ta tsaya a gona ba. Kwalekwale ba ya ratsa kurmin kacala, taru ba ya shimfiɗuwa a cikinta. Jan baki ya samu makwanci inda ba mai iya kai masa, ya fito da safe ya sauka a kan gero da shinkafa. Sauro ya samu gida, haka ma ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Yaya aka yi duniya ta san halin da ake ciki? A nan ne ƙananan ayyuka suka fara nuna kansu, irin waɗanda ba a kiran taro a yaba wa mai yin su. Akwai ma'aunin ruwa a Gashuwa da ake karantawa tun shekarun 1960. Wani ma'aikaci ne zai je ya duba inda ruwa ya kai, ya rubuta a littafi, gobe ya sake komawa. Ba don waɗannan lambobi da aka tara shekara da shekaru ba, da maganar cewa kogi ya ragu ta tsaya a matsayin ƙorafin tsofaffi. Akwai kuma masu ƙidayar tsuntsaye. Agwagin ruwa da sauran tsuntsaye na tasowa daga Turai su tsallake Sahara su yi hunturu a wannan fadama, kuma saboda su ne aka kafa shirin kula da fadamar Haɗeja da Nguru a 1987, da hannun ƙungiyar IUCN da wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya zo Dagona da ke cikin fadamar da ƙafarsa don ganin tsuntsayen. A 2000 aka sa tafkin Nguru da hanyar Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko da ya samu wannan matsayi a Najeriya.

Manomi na da hakkin ya ce, ina ruwana da agwagwar Turai? Gaskiyarsa. Sai dai masu bin agwagwar ne suka jawo masana tattalin arziki, irin su Edward Barbier, waɗanda a farkon shekarun 1990 suka zauna suka yi lissafin kifi da shinkafa da itacen da fadamar ke bayarwa, suka gwada da abin da manyan ayyukan ban ruwa na sama ke samarwa. Lissafin ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala cikin fadama yana haifar da arziki ninkin-ba-ninkin fiye da ruwa daidai shi da aka tare aka kai gonakin gwamnati. Kafin nan, a idon masu tsara ayyuka, ruwan da ya wuce Haɗeja ruwa ne da ya tafi a banza. Daga ranar aka samu abin da za a ajiye musu a kan tebur.

Yanzu bari mu zo kan laujen, don shi ne zuciyar maganar. Mutane sun gwada ƙona kacala, ta sake tofowa kore shar. Sun gwada sare ta daga sama, ta dawo da ƙarfin da ya fi na da. Dalili kuwa, ranta ba a ganye yake ba, yana cikin saiwar da ke kwance cikin laka tana rarrafe tana fitar da sababbin 'ya'ya. Amma wanda ya taɓa karya ganyen kacala ya duba cikinsa zai ga ba a cike yake ba, wasu ƙananan ramuka ne jere tun daga sama har ƙasa. Laka ba ta da iska. Ta waɗannan ramuka ne ganyen da ke sama da ruwa ke aika wa saiwa iskar da take rayuwa da ita. Saboda haka idan ka sunkuya ka kai laujenka ƙasa da fuskar ruwa ka yanke ta a can, kututturen ya zauna a nutse, ka toshe mata numfashi ke nan. Za ta yi ƙoƙarin turo sabon ganye da ɗan abincin da ta ajiye. Ka dawo ka sake yankewa kafin ya leƙo. In aka yi haka sau biyu ko uku, ruwan kuma bai ja baya ya tona kututturen ba, saiwar sai ta ruɓe. Tazarar da ke tsakanin aikin banza da aikin da ke kashe kacala ba ta wuce taki ɗaya ko biyu na hannu ba.

Faɗar ta fi yin sauƙi. Duk wanda ya ga ana wannan aiki ya san ba wasan yara ba ne. Maza ne za su jeru cikin ruwa, wani iya ƙugu, wani iya ƙirji, ƙafa na nutsewa cikin taɓo. Hannu na ƙarƙashin ruwa, ido ba ya ganin abin da lauje ke yanka, da lalube ake yi. Matsattsaku na manne wa ƙwauri, ga fargabar maciji. Bayan masu yanka akwai masu ja, domin in aka bar abin da aka yanke yana yawo a kan ruwa, zai je gaba ya taru ya zama sabuwar toshiya, dole a kwashe shi a jibge a gaɓa. Mutum ɗaya zai yini bai buɗe abin da kwalekwale zai juya a ciki ba. Shi ya sa aikin ya koma hannun tsohuwar al'adarmu ta gayya: mai gari ya sa a yi shela, kowane gida ya ba da mutum, mata su dafa abinci a kai bakin ruwa.

A farkon shekarun 2000 wani shiri da hukumar DFID ta Birtaniya ta ɗauki nauyi ya shigo wannan yanki, kuma abin da na fi yaba masa shi ne bai fara da kankare ba. Ya fara da zaunar da mutane, na sama da na ƙasa, masunta da manoma da makiyaya, Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, a bi hanyar ruwa a ga inda ta toshe da wanda toshewar ta cuta. Cikin ayyukan da aka gwada har da buɗe hanyar Burum Gana, jama'a da laujensu, hukuma da injinta inda yashi ya fi ƙarfin hannu. Ruwa ya bi inda ya daɗe bai bi ba. Ƙauyukan da suka ga haka suka haɗa ƙungiya ta raya fadamun Komadugu Yobe don aikin ya ci gaba. Maganar ta yi ta hawa har ta kai 2006, lokacin da aka yi taron ƙoli a Damaturu na jihohi shida da kogin ya shafa, wato Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, aka amince da tsarin kula da ruwan, aka kafa asusun amana mai hedikwata a Damaturu. Ba na cewa lauje kaɗai ya tara gwamnoni. Amma da wuya a shawo kan mai mulki ya sa kuɗi a abin da bai ga an gwada ya yi ba, kuma waɗanda suka shiga ruwa su ne suka gwada.

To, jama'a, kada mu ruɗi kanmu da daɗin labari. Ƙaramin aiki ba shi da alƙibla tasa ta kansa, yadda yake gyara haka yake ɓatawa. Masuncin da ya kafa dumba, ya jera tarkuna ya gitta hanyar ruwa daga wannan gaɓa zuwa waccan, dabara ya yi, kuma ranar zai koma gida da kifi. Amma ruwa ya rage gudu a wurin, yashi ya kwanta, baɗi kacala ta tsiro a kai. Manomin da ya fasa gaɓar kogi da fartanya don ya ja ruwa zuwa gonarsa, ɗan rami ya yi, sai damina ta zo ta faɗaɗa shi ya zama hanya, ruwan da ya kamata ya isa ƙauyuka biyar na gaba ya watse a daji. Garin da ya tashi tsaye ya yi jinga da buhunan yashi ya tsira daga ambaliya, madalla, amma ruwan da ya kora bai koma Tiga ba, gonar maƙwabci ya shiga. Kowannensu in ka tambaye shi yana da hujja, kuma ba ƙarya yake yi ba. Toshewar da muke kuka da ita, madatsa ce ta share mata fage, amma irin waɗannan hannaye ma sun sa nasu.

Abin da ya raba gayyar Burum Gana da ramin mai fartanya shi ne, a ta farko na ƙasa ya san abin da na sama zai yi tun kafin ya yi. A ganina wannan zaman da ake yi kafin a shiga ruwa ya fi yankan kansa wuya, kuma shi ne ke fara mutuwa idan shiri ya ƙare, motocinsa suka koma Abuja.

Sai kuma maganar naci. Kai ɗaya na kacala na ɗauke da iri sama da 100,000, iska ce ke raba shi. Hanyar da aka share bana, in aka juya mata baya damina biyu, sai ka rantse ba a taɓa sa mata lauje ba. Gayya kuwa tana da iyaka. Mutum zai ba da yini ɗaya, ya ba da biyu, amma ba za ka ce ya bar gonarsa da tarunsa duk shekara yana yi wa jama'a aiki kyauta ba, alhali ga tsadar rayuwa. Gwamnatoci sun sayo injunan da ke tafiya a kan ruwa suna tuge ciyawa, kuma a manyan hanyoyi suna da amfani ƙwarai. Sai dai inji na shan mai, yana lalacewa, kuma ba ya shiga ƙananan rassan da su ne ke kai ruwa bakin gona.

Shi ya sa nake ganin tambayar da ta fi kowace muhimmanci yanzu ita ce, wa zai sayi kacalar da aka yanke? Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A kogin Sanagal, bayan an gama madatsar Diama a 1986, irin wannan ciyawa ta mamaye gaɓoɓi, kuma a wajen Rosso ta ƙasar Muritaniya an koya wa mutane busar da ita, a ƙona ta cikin ganga, a murƙushe a dunƙula ta zama gawayin girki. A nan gida ma, ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta yi aiki tare da masana daga Jami'ar Maryland ta Amurka da wata jami'a ta Madrid da cibiyar faɗaɗa aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, suna gwada sarrafa kacala ta zama iskar gas ta girki da kuma abincin dabbobi da ake turbuɗewa a adana. Tunanin ya yi daidai da yankin da itacen girki ke ƙara tsada, hamada na matsowa ta Yusufari da Machina, dabbobi kuma na ramewa a ƙarshen rani. Amma ni ba rahoton bincike zan duba in ce an yi nasara ba. Ranar da mai shayi a tashar Gashuwa zai ciro kuɗinsa ya sayi gawayin kacala don ya fi masa araha, ko mai kiwon tumaki a Nguru ya aiki yaro ya sayo masa buhun abincin da aka yi da ita, ranar ba sai mai gari ya yi shela ba, samari da kansu za su yi sammako su shiga ruwa.

Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke hannun hukuma, wanda ba ya buƙatar kwangila. Mun ce yankan ƙarƙashin ruwa ba ya ci sai kututture ya zauna a nutse na wani lokaci. Ke nan mai lauje a Nguru yana buƙatar sanin ko ruwa zai ƙaru ko zai ragu a makonnin da ke gaba, kuma wanda ya san wannan shi ne mai riƙe da makullin Tiga da Challawa, wato hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano. Me zai hana a riƙa sanar da jadawalin sakin ruwa a gidajen rediyon Kano da Jigawa da Yobe, da Hausa da Badanci da Barbarci da Fillanci, kamar yadda ake sanar da farashin hatsi? Ƙauye ya san ranar da zai kira gayya, mai gona a bakin kogi ya san ranar da zai kwashe injinsa.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne a maido wa kogin wani abu na bushewarsa ta da, a rufe ruwa na wasu makonni da rani har ƙananan hanyoyi su ƙafe, rana ta yi aikin da lauje dubu ba zai yi ba. Masana sun daɗe suna nuni da hakan. Amma a yau dubban mutane sun dogara da ruwan ranin nan, masu tattasai da albasa da alkama da ƙananan injunansu na ban ruwa, tun daga Wudil har Haɗeja, kuma ba wanda zai yarda a kashe masa shuka don a gyara hanyar wani. Sai an zauna an tsayar da wane wata, makonni nawa, wa za a sanar, wa za a rage wa asara. Asusun da ke Damaturu don irin wannan zama aka kafa shi, kuma wakilan Nguru da Bade da Karasuwa da Jakusko a majalisar dokokin Yobe suna da damar tambayar yaushe za a kira shi.